Neman Yaya Baffa a Google

Ajingi, farkon damina

Zuwa ga taubashina Muntasir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Larai da duk mutanen gidanku na Gaya. Mu nan lafiya lau, an yi ruwan shuka, maigida yana gona daga safe har la'asar. Inna ce dai, surukata, jikin ya ƙi daɗi, idon kuma ya tafi gaba ɗaya.

Na san za ka yi dariya, ka ce malamar makaranta guda, da waya a hannunta, ta koma aiko da takarda ta hannun Bala mai a-daidaita-sahu. Yi dariyarka ka gama. Sabis mai kyau a ƙauyenmu sai an hau tudun bayan makabarta. Sannan tun da Allah ya karɓi idon Inna sai ya ƙara mata kunne. Ko a bayan rumbu na yi waya, ina dawowa za ta maimaita min abin da na ce, kuma akwai maganar da ba na so ta ji.

Maigidana yana da wa, Yaya Baffa. Ban taɓa ganinsa ba, ya bar gida kusan shekara ashirin, tun suna zaune nan Gaya. Shanun huɗar mahaifinsu ya sayar ba da izini ba, ya shiga wani fatauci da ya karye a hannunsa. Alhaji, mahaifin nasu, ya tsaya a ƙofar gida, gaban jama'a, ya ce kada ya sake taka masa gida, ko gawarsa kada ya zo. Yaya ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ya tafi. Daga baya suka dawo gonakinsu na Ajingi, a nan Alhaji ya rasu bara waccan. Kafin ya cika ya riƙe hannun Inna ya ce, "Ku gaya wa yaron nan na yafe masa, duniya da lahira." To, wa za a gaya wa? Babu lamba, babu adireshi. Inna ta ce amana ce a wuyanta, ba za ta je ta tarar da Alhaji da saƙonsa a hannunta ba.

A horon kwamfuta da aka yi wa malamai aka koya mana buɗe shafi a intanet. Na buɗe ɗaya. Inna tana faɗa ina rubutawa, in na shiga makaranta a cikin gari in ɗora. Tunanina, duk wanda ya bar gida haka, wata rana zai ɗauki waya ya nemi labarin gida. Amma ni kaina da na neme shi a Google ban gan shi ba. Na rubuta Gaya, sai ga hotunan wani gari a Indiya mai suna irin namu, da mutane suna wanka a kogi.

Kai da kake zaune cikin kwamfutoci kamar ka haife su, ka taimaka ka fito min da shafin nan inda ido zai gan shi. Adireshinsa da lambar sirrin shiga suna bayan takarda. Kada ka yi min nawar nan taka.

Taubashiyarka,
Rauda

*

Gaya

Zuwa ga baiwata Malama Rauda,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, har da ƙanshin daddawar da Bala ya ɗauko tare da shi. Kowa lafiya, Gwaggo tana gaishe ki, tana yi wa Inna sannu. Kakana namiji ne, kakarki mace, saboda haka ki riƙa sa ladabi in za ki rubuto wa ubangidanki.

Aikinki mai sauƙi ne, irinsa nake yi wa masu sayar da atamfa. Shago ya cika da yara masu rajistar jarrabawa, ban samu na zauna na karanta rubuce-rubucen ba, amma na shiga ta ciki na yi gyara. Hotunanki sun yi nauyi, mai ƙaramar waya zai gaji ya fita kafin su buɗe, na rage su. Na kuma sanar da Google cewa shafin yana nan, don ya aiko ya karanta.

Ga yadda abin yake. Google ba ya tunani, kalmomi yake tarawa. Abin da mutum ya rubuta a wurin bincike, shi yake dubawa ya ga wane shafi ne yake ɗauke da shi. Don haka ki daina rubuta Gaya tsurarta, ki ce Gaya ta jihar Kano a Najeriya, ki rabu da Indiyawa. Ki riƙa ɗora sabon rubutu a kai a kai. Mafi muhimmanci, ki sa sunansa a taken kowane rubutu da layin farko. Ni kuma zan watsa adireshin a zaurukan wasap, don in ana yawan shiga shafi, yana ɗagawa sama.

Ki ƙara haƙuri, ba shuka alayyahu ba ce.

Ubangidanki,
Muntasir

*

Ajingi

Muntasir,

Bayan gaisuwa, da fatan Gwaggo ta warware daga ciwon ƙafar da Bala ya ce tana fama da shi. Ubangida a ina? Wanda na goya a bikin Adawiyya yana min fitsari a zane?

Duk na yi abin da ka ce. Sunansa yana kan kowane take, har na tsofaffin na koma na gyara. Jihar Kano kuwa na rubuta ta har na fara jin kunya. Kullum in an tashi tara, hutun safe, ina tsaye bakin tagar ofishin hedimasta, inda sabis yake kamawa, ina bincike. Na wuce shafi na ɗaya, na biyu, na uku, har yatsana ya gaji. Babu mu.

Inna ta gane ƙarar takalmina. Kafin in yi sallama za ta ce, "'Yar nan, na'urar ta ce me?" In ce ana kan aiki. Ta ce, "To, Allah ya ba ta sa'a," kamar wata ma'aikaciya ce da aka aika. Abinci ta rage ci. Jiya kunu kawai ta sha, shi ma sai da na zauna a kanta.

Maigida ya san da shafin. Ya ce in yi in na ga dama, amma kada in sa shi a ciki. Shi ya yi jinyar Alhaji, shi ya sa shi a kabari, shi yake noman gonakin nan shi kaɗai, ba na ganin laifinsa sosai. Amma na kasa zaune na kasa tsaye, Muntasir. Gero har ya kai gwiwa. Ka duba min ko akwai abin da ya toshe.

Rauda

*

Gaya

Malama,

A gurguje, Bala yana min hon a waje. Kowa lafiya. Kada ki karaya, abu ya fara motsi. Akwai wurin da yake nuna min ƙasar da masu shiga suke. Na ga wani ya shigo daga Kamaru, ya daɗe a ciki, washegari kuma ya sake dawowa. Kin ga an fara samunmu ke nan daga nesa. Ki gaishe da Inna.

Muntasir

*

Ajingi

Ɗan'uwana Muntasir,

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mata mai haƙuri da kai! A tsaye na karanta takardarka a bakin titi, ban san lokacin da na zauna a kan buhun wani ba.

Ba ka san abin da ka faɗa ba. Shekarun baya wani mai fataucin shanu ya zo ya ce wa Alhaji ya ga mai kama da Yaya a Garwa, can Kamaru, yana ɗinkin buhu a kasuwa. Alhaji ya ce bai tambaye shi ba. Wa zai shiga shafin wata malama a Ajingi daga Kamaru, ya daɗe, ya sake dawowa, in ba shi ba?

Na so in riƙe bakina, wallahi na so. Amma ina shiga ta ce, "Tafiyarki ta canza yau." Sai na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a kawo mata tuwo, ta cinye tas, ta nemi ƙari. Yanzu ta sa an share ɗakin zaure, an fitar da buhunan taki. Ta hana a sayar da jan zakaran nan, ta ce na baƙo ne. Ta sa na wanke mata zanenta na saƙi da ta yi shekaru ba ta ɗaura ba. Ko babur ya tsaya a waje sai ta ɗaga kai.

Yanzu me ya rage? Ka ga lambarsa? Akwai hanyar da za mu yi masa magana, ko sai shi ya fara? Ka ba Bala amsa gobe-goben nan.

'Yar'uwarka,
Rauda

*

Ajingi

Muntasir,

Lafiya dai? Kasuwa ta ci ta sake ci, Bala yana zuwa hannu rabbana. Ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka karanta, ka shige ciki ka bar shi a tsaye. Na hau tudu cikin yayyafi na kira ka, tana shiga ba ka ɗauka.

In wani mugun labari ka gani, ka faɗa min, ni ba yarinya ba ce. In kuwa masu atamfa ne suka fi mu, shi ma ka faɗa. Inna ta daina tambayata, wannan ya fi tambayar ciwo. Da rana tana sa a kai mata tabarma kusa da zaure, wai ta fi jin iska a can. Ni da ita duk mun san ba iska take jira ba.

Rauda

*

Gaya

Zuwa ga Yaya Rauda,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, kunya ce ta hana ni ɗaukar waya. Yau babu wasa a takardar nan.

Mutumin Kamaru ba shi ba ne. Badaru ne, abokina direban babbar mota da yake kai albasa can. Yana cikin zauren da na tura adireshin. Da na karanta takardarki na kira shi, ya ce shi ne, yana jiran a sauke kaya ya buɗe, labarin ya kama shi har ya sake komawa. Ni murnar aikina nake yi da na rubuto miki, ban san akwai maganar Garwa ba. Ki yafe ni. Ban san da wane baki za ki gaya wa Inna ba.

Da na rasa abin yi sai na rufe shago na zauna na karanta shafin tun daga farko, abin da ya kamata in yi tun ranar da kika aiko. Kin iya rubutu, Yaya. Wurin da Inna take ba da labarin yadda Yaya Baffa yake ɓoye mata ɗanyar gyaɗa a aljihu in ya dawo daga gona, sai da na tashi na sha ruwa.

Amma na gano abin da ya toshe. Duk shafin nan babu sunan mutum ko ɗaya. Na bi shi layi-layi. Akwai Inna, akwai Alhaji, akwai maigida, akwai Yaya Baffa. Na ce ki sa sunansa, kika sa Yaya Baffa. Baffa ai ba suna ba ne, lakabi ne, a layinmu kaɗai akwai su da yawa. Alhaji kuwa, rabin mazan Kano ne. Mutumin da yake wata ƙasa, in kewa ta kama shi, sunansa na yanka zai rubuta, haɗe da na mahaifinsa, ya ga ko akwai mai nemansa. In ɗansa ne ko abokinsa zai duba, shi ma sunan da yake kan takardunsa zai sa. Kin gina gida mai kyau, ba ki yi masa ƙofa ba.

Ki aiko min da cikakken sunansa, ni zan shigar da kaina.

Ƙaninki,
Muntasir

*

Ajingi

Muntasir,

Na karɓi takardarka. Na yi fushi, na huce, na sake yi. Na yafe maka, don ni ma da saurin bakina a ciki. Ban gaya wa Inna ba tukuna, zakara yana nan yana ta ƙiba.

Kana magana kamar ba a Gaya aka haife ka ba. Ni ce zan kama sunan surukina in rubuta ɓaro-ɓaro duniya ta karanta? Ko na mijina? Ka taɓa jin Gwaggo Larai ta ambaci sunan babanka? Hannuna ne bai je wurin ba, ban ma lura ba sai da ka faɗa. Inna tana cewa "yaron nan", ni ina gyarawa zuwa Yaya Baffa, ina ganin har na yi bayani.

Na Alhaji ka san shi, kowa a tsohuwar unguwarsu ya sani, ka sa da hannunka. Na Yaya kuwa, ka zauna da kyau: ban san shi ba. Shekarata tara a gidan nan ban taɓa jin an faɗa ba. Sunan kakansu aka mayar masa, mahaifin Alhaji, shi ya sa tun ranar suna babu mai kiransa da shi, aka ce Baffa. Ga shi kuma ɗan fari. Ka ga a wurin Inna kunya biyu ce ta haɗu, ɗan fari da sunan suruki.

Na tambayi maigida bayan ya ci ya ƙoshi, na zaɓi lokaci. Ya wanke hannu ya ce, "Ni ba ni da wa." Na ce don Inna. Ya ce, "Don Inna nake nan, shi don wa ya tafi?" Ya ɗauki fartanya ya fita, alhali ya gama aikin ranar.

Ka zaga unguwarsu ta da, ka tambayi dattawa. Dole a samu wanda ya halarci sunan.

Rauda

*

Gaya

Yaya Rauda,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Inna?

Na zaga har takalmina ya tsinke. Alhaji Gwadabe mai gyaɗa kowa ya tuna shi, na sa sunan a shafi, da sunan unguwar. Ɗansa kuma kowa ya ce, "Af, Baffa! Yana raye?" Na ce sunansa na gaskiya fa? Sai a kama kallon sama. Wani ya ce Muhammadu, wani ya ce a'a, Abubakar, har suka fara musu suka manta da ni. Makarantar allo ya yi, malaminsu ya rasu. Limamin da ya raɗa sunan ya rasu. Kakan kuma da Malam Kolo aka san shi tun zuwansa daga Barno, wata tsohuwa ta ce shi ma ba sunansa ba ne, ta ji dai ana cewa sunan nasa dogo ne, na malamai.

Da Gwadabe mun ɗan ɗaga, na gan mu a shafi na huɗu, ƙarƙashin wani ɗan siyasa da wani mai sayar da taya. Babu mai zuwa shafi na huɗu, Yaya. Idan sunan nan baƙo ne kamar yadda tsohuwar ta ce, ranar da Google ya karanta shi mu ne a sama, don babu mai yin takara da mu.

Mutum biyu suka rage da suka sani, duk suna cikin gidanku. Ɗaya ya ƙi. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne.

Muntasir

*

Ajingi, an fara cirar gyaɗa

Muntasir,

Ka yi haƙuri da shiruna, wannan karon ni ce. Muna nan dai. Inna ta kwanta sosai, har an kawo mai allura daga cikin gari, yanzu ta ɗan tashi.

Na gaya mata mutumin Kamaru direba ne. Ta ce a yanka wa yara zakaran. Ta ce a mayar da taki zaure kada ruwa ya taɓa shi. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Bayan kwana biyu na durƙusa na yi mata bayanin suna. Ta ce, "Ke 'yar nan, karatun ne ya cire miki kunya? Uwata har ta mutu ba ta faɗi sunan yayanmu ba." Na ce na'urar ce ba ta ganewa. Ta ce, "Duk surutun da na yi mata wata da watanni, ba ta san Baffa ba?" Na ce ba ta san kowa ba, Inna, abin da aka faɗa mata kawai take riƙewa. Ta ce, "Ashe sakarya ce." Ta juya ta fuskanci bango. Na bar maganar, na ce ba zan sake ba, don na ga kamar ina tuɓe mata zane ne a kasuwa.

Shekaranjiya da hantsi na kawo mata sabuwar gyaɗa dafaffiya, ta farkon gona. Tana ɓarewa a hankali, ba ta ci. Sai ta ce in kori yara waje. Ta ce in saki labule. Ta ce in juya mata baya. Na juya, ina jin ta tana jan mayafi ta rufe fuska, ita da ba ta ganin kowa.

Na daɗe a tsaye har na zaci ta fasa. Sannan ta faɗa, ƙasa-ƙasa, da ƙyar na ji. Kafin in motsa ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, da jan ƙarshen, yadda ake kiran yaro ya shigo daga waje. Ba ni take gaya wa ba, Muntasir, kiransa take yi. Maigida yana tsakar gida yana shanya gyaɗa, na ji kwando ya faɗi daga hannunsa. Ita kuma ta ce, "Ashe haka yake a baki." Shekara arba'in da wani abu tana ɗauke da shi. Na fita da gudu na shiga madafa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Alhaji.

Ga shi, ni ma yau na ajiye tawa kunyar, Allah ya yafe min: Zunnuraini.

Ka sa shi a sama, da manyan baƙaƙe. In ka yi min nawa a wannan, babu ni babu kai.

Rauda

*

Gaya

Yaya Rauda,

Ina fatan jikin Inna da sauƙi. Na riƙe takardar nan ban aiko ba sai da na samu abin faɗa, don na koyi darasi.

Ranar da saƙonki ya zo na canza taken shafin gaba ɗaya. Yanzu yana cewa: Zunnuraini ɗan Alhaji Gwadabe na Gaya, jihar Kano, mahaifinka ya yafe maka, mahaifiyarka tana Ajingi tana jiranka. Na yi haka ne don ko bai buɗe ba, layin da zai gani a Google ya isar da saƙon. Na roƙi Google ya sake karanta shafin. Kullum ina gwadawa da wayoyin masu shigowa shago, har wani ya ce ko aljanu ne suka shafe ni. Cikin sati muka hau. Duk wanda ya rubuta sunan nan yanzu, ko daga ina, mu zai fara gani.

Daga nan sai shiru, har na fara cewa aikin banza muka sa tsohuwa. Yau da safe na buɗe na tarar an bar saƙo a ƙarƙashin rubutun wasiyyar Alhaji, wurin da masu karatu suke tsokaci. Babu suna, babu lamba. Ƙasar da ya fito ba Kamaru ba ce, kuma ba zan faɗe ta ba, kada mu sake gina wani abu a kai. Na tambayi duk 'yan zaure, babu wanda ya rubuta. Ga shi yadda yake, ban taɓa ko harafi ba:

"Da bakinsa ya faɗa, ko ku ne kuke so ku rufa masa asiri? Inna tana da rai?"

Ban amsa ba. Ban kira ki ba, saboda kunnen da kika ce. Zai iya zama ɗan iska ne mai wasa da hankalin mutane, akwai su. Ke kika san abin da zuciyarta za ta iya ɗauka. Abin da kika ce in rubuta, shi zan rubuta. Na ce wa Bala ya jira ki ko zai rasa fasinja.

Muntasir

*

Ajingi

Muntasir,

Bala yana waje, a kan gwiwata nake rubutu, ka yi haƙuri da hannun.

Na yi niyyar ɓoyewa har sai na yi shawara. Ina shiga ɗaki ta ce, "Karanta min." Ta ji ƙarar takardar. Na ce, Inna, ba mu da tabbas, kada a sake yin irin ta Kamaru. Ta ce in karanta. Na karanta. Ta ce in sake na farkon. Na sake.

Sai ta yi dariya, Muntasir, dariya sosai har da tari. Ta ce, "Shi ne. Duk duniya babu mai wannan taurin kan sai jinin Alhaji. An ce an yafe maka, kana tambayar shaida."

Maigida yana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ya ce, "Ina wurin. A kunnena ya faɗa." Ya juya zai fita, ya tsaya, bai waiwayo ba ya ce a sa lambarsa a ƙasa, wai tawa ba ta cika shiga ba. Tana bayan takarda.

Na tambayi Inna me za a ce game da tambaya ta biyu. Na kawo mata ruwa ta kasa riƙe kofin, sai da na tallafa mata. Jikin ba kamar yadda nake gaya maka ba ne, ya fi haka. Ta ce kada in yi masa kwalliya, kada in ƙara ko kalma. Ka ajiye duk abin da kake yi, ka rubuta masa yanzu, kafin ka sha ruwa:

"Da bakinsa ya faɗa, ƙaninka shaida ne. Na sauke amana. Ina nan da rai, amma ka yi sauri."

Rauda